Firam biyu daga Harajin Sawarik: kundin aikin Trek 930 da Rockhopper

Asabar, 7 ga Satumba 2024

Firam biyu ne, wato gangar jikin keke, a kan benci, duka na ƙarfe, duka na keken hawan dutse mai taya inci 26, an tsinto su a Harajin Sawarik, kasuwar kayan gwanjo da ke kudancin Jidda. Ɗaya Trek 930 Singletrack, ɗaya Specialized Rockhopper. Tsayinsu kusan ɗaya, inci 18. Abin da ake so shi ne a tayar da su duka, a ɗaura musu kaya iri ɗaya, a ga wanne ya cancanci mazaunin garin nan ya kashe wa kuɗi.

Da ido ma ana ganin bambancin farko a mahaɗar bututai. Na Trek an zura bakin kowane bututu cikin soket na ƙarfe, aka narka tagulla ta bi tsakani ta riƙe. Haka kamfanin ya yi wannan jeri a masana'antarsa ta Waterloo a jihar Wisconsin har zuwa 1993, daga 1994 ya koma walda. Bututan na kamfanin True Temper ne. Rockhopper kuwa, wanda ya fara fitowa a 1985, shekara huɗu bayan Stumpjumper na wannan kamfani na Specialized, waldar argon ce baki da baki babu soket, kuma tambarin Taiwan yana nan a jikinsa bai goge ba. Dukansu kuromoli ne, wani ƙarfe mai ƙarfi da ake yin bututun keke da shi.

Shekara ba a ɗauke ta daga bakin mai sayarwa. Shimano, kamfanin da ya yi kayan da ke jikinsu, na buga haruffa biyu ƙanana a bayan hannun feda da jikin giyar baya: na farko shekara, na biyu wata. Harafin A yana tsaye a kan 1976, don haka N ita ce 1989, O 1990, P 1991, Q 1992. A wata kuma A Janairu, L Disamba. Kayan Rockhopper suna ɗauke da NK, wato Nuwamba 1989, keken 1990 ke nan. Na Trek PK ne, Nuwamba 1991, keken 1992. Wannan lissafi yana aiki ne idan kayan na asali ne, saboda haka a duba guda uku ko huɗu a ga ko sun yi kusa da juna. Tazarar shekara biyu ce kacal, amma ta faɗo daidai lokacin da ma'aunan keken dutse ke sauyawa.

Juma'a, 13 ga Satumba

An tuɓe Rockhopper tsaf. Gidan feda shi ne inda sandar da ke haɗa feda biyu ke juyawa a cikin firam; kofinsa na dama tiredinsa, wato zaren ɗaurinsa, na hagu ne, ana kwance shi ta juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Wanda ya manta da wannan zai ƙara ɗaure shi ne yana zaton tsatsa ce. Haka fedar hagu.

Trek ya tuɓu ban da sandar sirdi. Ta alminiyom ce, ta kama kam. An kifa firam ɗin, an zuba man sassauta tsatsa ta ramin gidan feda ya gangara cikin bututun sirdi, an bar shi a haka.

Talata, 17 ga Satumba

Awo da kalifa, ma'aunin kauri mai baki biyu, a milimita.

Tsakanin bakunan aksil na baya: Trek 135, Rockhopper 130. Na gaba 100 a duka biyun. Faɗin gidan feda: Trek 73, Rockhopper 68, tiredi iri ɗaya na Ingila, inci 1.37 mai zare 24 a inci. Sandar fok (fok shi ne ƙafafun da ke riƙe wilin gaba): Trek inci 1 da 1/8 mai tiredi, Rockhopper inci 1 mai tiredi. Bututun sirdi daga waje 28.6 a duka biyun. Sandar sirdi: an buga 27.2 a jikin ta Trek, ta Rockhopper 26.6.

Wannan awo na ƙarshe ya fi sitikar da ke jikin firam faɗin gaskiya. Bututu mai 28.6 daga waje da ke karɓar sanda 27.2, cikinsa 27.4 ne, an bar 0.2 don sanda ta zame. Ragowar 1.2 a raba biyu, kaurin bangon 0.6 ke nan. Wanda ke karɓar 26.6 cikinsa 26.8 ne, bangonsa 0.9. Wato a wannan wuri Rockhopper ya fi Trek nama da rabi. Lissafin yana ɓaci idan an saka wa bakin bututun riga daga ciki ko an kumbura shi daga waje, don haka a leƙa da tocila kafin a yarda da shi. Kuma kada a sayi sanda bisa jadawalin intanet, domin suna ɗaya kan zo da sanda daban daga shekara zuwa shekara. A auna.

Kusurwoyi da manhajar waya: wuya, wato bututun gaba da sandar fok ke ratsawa, wajen digiri 71, sirdi wajen 73, a duka biyun, kuma kuskuren waya ya kai rabin digiri, don haka babu abin kamawa a nan. Ƙafafun baya na ƙasa 430 da ɗan ɗoriya. Bututun sama na Trek ya fi tsawo da kusan santimita ɗaya, kuma bututansa na gaba sun fi faɗi.

Asabar, 28 ga Satumba

Sandar sirdin Trek ba ta motsa ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Abin da ke tsakanin alminiyom da ƙarfe ba jar tsatsa ba ce da mai ke sassautawa. Farin gari ne da alminiyom ke fitarwa idan ya zauna jikin ƙarfe cikin danshi mai gishiri ba giris, garin kuma ya fi asalin abin da ya ci girma, sai ya cika tsakanin ya matse. Iskar Bahar Maliya a watan nan ta ishi wannan aiki.

Wuta ba ta da amfani a nan. Alminiyom na kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai sandar ta ƙara cika bututun. In za a yi wasa da zafi, sanyaya sandar ake yi. Kuma kada a cusa sukundireba a tsagar soket ɗin sirdi a buɗa, kunnuwan da noti ke kamawa za su lanƙwashe ko su tsage.

An gwada hanya ta biyu: a kama kan sandar a bais, matsin ƙarfe na kan benci, a riƙe firam ɗin da hannu biyu a murɗa. Firam ɗin ne ya fara nuna alamar bayarwa kafin sandar, aka tsaya. Da bango 0.6 ba a yin gardama.

Hanya ta uku ita ta yi. An yanke sandar an bar santimita 3 a waje. An ɗauki ruwan zarton ƙarfe zalla, an naɗe gindinsa da tsumma, an zura cikin ramin sandar ana yanka ta a tsaye daga ciki, tsaga biyu kusa da juna. Sirrin shi ne ruwan zarto ya kwanta daidai tun daga sama har ƙarshen sandar, in ba haka ba sama zai huda ya shiga ƙarfe alhali ƙasa bai ko kusa ba. A riƙa tsayawa ana haskawa. Garin alminiyom fari ne mai laushi, da zarar ƙarar zarto ta canza an taɓa ƙarfe. Da tsagar ta kai, filaya mai kulle ta naɗe sandar ciki, ta fito. Akwai masu narkar da ita da sodar sabulu, tana cin alminiyom ta bar ƙarfe, amma tana tafasa, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, tana cin fenti da fata. Ba aikin cikin ɗaki ba ne, ba kuma na rufin gidan haya mai yara ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau aka leƙa ciki, kuma a nan ne kwatancen ya fara juyawa.

Daga waje Trek ya fi kyau nesa ba kusa ba: fenti da sauransa, soket tsaf. Rockhopper duk ƙurji, ga jar tsatsa a bututun sama inda gumi ke ɗiga. Amma da aka zura ƙaramar kyamarar waya ta gidan feda, cikin Rockhopper ja-ja ne kawai, irin wanda tsumma ke gogewa. Cikin Trek kuwa akwai ɓawon tsatsa a gindin bututun sirdi da bakin ƙafar baya ta dama. In an girgiza firam ɗin ana jin ɓarɓashi na zuba a ciki.

Dalili a fili yake. Keken da sandarsa ta toshe, ba rami a ƙasan gidan feda, aka ajiye shi inda yake shan raɓar dare da zafin rana, ruwa na taruwa a ciki ba ya fita. Laifin ajiya ne, ba na ƙira ba. Sai dai sakamakon ba ɗaya ba ne a kan bango biyu: ramin tsatsa mai zurfin 0.3 ya cinye rabin bango 0.6, a bango 0.9 kashi ɗaya cikin uku ya ci. Siririn bututun da ake yabo a kasuwa shi ne mai ƙarancin abin bayarwa bayan shekara talatin a bakin teku.

An bi duk inda fenti ya yi ƙuraje da tsinin basilla ana dannawa da ƙarfi, musamman ƙasan ƙafafun baya santimita 5 zuwa 10 daga gidan feda. Babu inda ya nutse a duka biyun. Ƙafar dama ta Trek tana da gurzar sarƙa inda ta riƙa maƙalewa tsakanin farantin sarƙa da firam, amma ba ta yi zurfi ba.

Sauran dubawa. A shafa yatsa a ƙasan bututun ƙasa dab da wuya, in akwai tudu ko fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa karo ta gaba, a bar shi. Babu a nan. A firam mai soket tsaga na bin gefen soket, a mai walda tana bin gindin waldar inda wuta ta taɓa. Babu.

Wanka: gishirin lemo, wanda kowane mai kayan ƙamshi ke sayarwa, giram 40 a litar ruwa mai ɗumi. An toshe ramuka da roba da salatif, an cika bututai, an bar shi ya kwana. Da safe a zubar, a ɗauraye da ruwan bakar soda, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, a busa da iskar kwamfiresa nan take. Ƙarfen da ya fito daga asid yana yin ja cikin mintuna a iskar Jidda, don haka a tanadi mai kafin a zubar da ruwan. Duk wani abu na alminiyom a cire shi tun farko.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan wanka ramukan Trek sun bayyana, ƙanana ne warwatse, babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa ya zama layi. Zai yi aiki. Amma ba firam ɗin da za a ɗora wa buhun shinkafa a kariyar ɗaukar kaya ba ne.

An huda rami milimita 4 a ƙasan gidan feda na kowanne. An zuba dafaffen man linsid na masu fenti a kowane bututu, an jujjuya, an rataye ya tsiyaye. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, a shanya shi a buɗe ko a jefa shi cikin ruwa.

Sikeli, firam tsirara ba fok: Trek kilo 2.3, Rockhopper 2.55. Bambancin bai kai rabin gorar ruwa ba.

Ɗaya daga cikin mariƙan wayar giya na Rockhopper ya ɓalle, sai an mayar. Jama'a, kada a kai irin wannan firam wurin mai waldar ƙofa da taga. Waldar lantarki da sanda mai milimita 2.5 za ta huda bango mai ƙasa da milimita ɗaya kafin a ce kwabo. Mai waldar gas ake nema, irin masu gyaran lagireto ko na'urar sanyi a sana'iyya, unguwar masu gyare-gyare. A can ma akwai tarko: sandar jan ƙarfe mai fosfaras da suke haɗa bututun firij da ita ba ta ƙarfe ba ce, tana kamawa kamar ta yi, amma mahaɗar gautsi gare ta, tana ɓallewa. A ce wa mai aikin, Baba, da tagulla ko sandar azurfa marar fosfaras za a yi, da hodarta. In ya ce duk ɗaya ne, a gode masa a ƙara gaba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ɓangaren baya na Rockhopper. Wilin keken dutse mai inci 26 da ake samu yanzu na 135 ne, firam ɗin kuma 130. Hanya biyu ce. Ko a rage hob, wato cibiyar wili: a cire wasa, zoben ƙarfe mai cike gurbi, mai milimita 5 daga hagu, a rage aksil daga 146 zuwa 141, a ja sifok, wato wayoyin wili, a dawo da rim tsakiya. Ko a buɗa firam. Tunda ana son wili ɗaya ya shiga duka kekunan, firam aka buɗa. Ƙarfe na yarda da wannan, alminiyom ba ya yarda.

Ana buɗawa da dogon rodi mai tiredi na milimita 10, noti biyu da wasa daga ciki, ana juyawa kaɗan kaɗan. Ƙarfe na komawa in an sake shi, don haka sai an wuce 135 sosai kafin ya zauna, amma a hau mataki mataki: a buɗa, a sake, a auna, a ƙara milimita 5. Matsalar rodi ita ce ba ya raba aiki daidai. Ƙafar dama an matse ta don faranti ya wuce, ta fi laushi, ita ke fara tafiya. Gwajin zare shi ke nunawa: a ɗaura zare a bakin aksil na dama, a zagaya ta bututun wuya, a dawo na hagu, a auna daga zare zuwa bututun sirdi ta kowane gefe. An sami bambancin milimita 3, dama ce ta ɗauke kusan duka. An gyara da katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, kowace ƙafa ita kaɗai, har bambancin ya sauko ƙasa da 1.

Bayan buɗawa bakunan aksil ba sa kallon juna sosai, sai an daidaita su, in ba haka ba aksil na lanƙwasa idan an ɗaure, boris ya ci kofi. Kunnen giya, inda giyar baya ke rataye, shi ma an miƙe shi. Tiredinsa 10 mai taku 1, daidai da aksil ɗin baya na Shimano, don haka tsohon wili da aka ɗaura a kunnen yana zama ma'auni: a kwatanta rim ɗinsa da na wilin da ke kan keke.

Trek zare ya nuna shi daidai, ba a taɓa shi ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wuya. A nan Trek ya rama.

Boris ɗin wuyan Rockhopper ya yi ramuka, kai na tsayawa a tsakiya. Inci 1 iri biyu ne: akwai mai zoben kafaɗa, wanda ke zama a gindin sandar fok, milimita 26.4 da kofi 30.2, akwai na Japan mai 27.0 da 30.0. Kafaɗar wannan fok 27.0 ta nuna. Zobe 26.4 ba zai shiga ba, in an tilasta shi da guduma tsagewa zai yi. Mariƙin kai, wanda ke shiga sandar fok ya riƙe kan keke, 22.2 yake so. A kula, na kekuna masu araha da suka cika shaguna akwai 21.1, yana shiga yana rawa, kuma babu ɗaurin da zai hana shi.

Na Trek kofi 34, zobe 30, sifana 36 maimakon 32. Mariƙin kai mai 25.4 ya yi wuyar samu, kuma a shago ana rikita shi da 25.4 na wurin kama kan keke, don haka a tafi da tsohon a hannu. Amma bututun wuya mai 34 yana karɓar boris marar tiredi na zamani, wato in fok ya lalace gobe akwai mafita. Rockhopper in fok ɗinsa ya tafi, sai an koma haraj neman wata gawar keke.

Wani ya kawo shawarar fok mai sifirin. A'a. Waɗannan fok tsayinsu daga aksil zuwa kafaɗa wajen 390 ne, mai sifirin na tafiyar 100 ya kai wajen 470. Kowane milimita 20 na kwantar da wuya kusan digiri ɗaya, ga nauyin da zai hau mahaɗar wuya da ba a yi ta don shi ba.

Girman boris a inci: 5/32 a wuya, 3/16 goma goma a hob na gaba, 1/4 tara tara a na baya. Giris na jirgin ruwa, saboda gishiri. Sandar sirdi ma ta sha giris, kuma za a riƙa zare ta lokaci lokaci.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Gidan feda rufaffe mai shaf mai baki huɗu, faɗi 73 da tsawon shaf 122.5 ga Trek, 68 da 122.5 ga Rockhopper, saboda tsofaffin hannuwan feda dogon shaf suke so. Kaset, wato jerin haƙoran giyar baya, mai 7 a kan hob na 8 yana buƙatar wasa 4.5 a bayansa. Giyar gaba ta zamani na zuwa da maɗauri 34.9, sai an sa mata rigar 28.6.

Birki an koma mai dogayen hannuwa irin wanda Shimano ta fitar a 1996, yana zama a kan ƙusoshin tsohon birki ba gyara. Sharaɗi ɗaya: a canza hannun birki ma. Tsohon hannu waya kaɗan yake ja, zai taɓa kan keke kafin roba ta kama.

Taya a duba lamba 559 a gefenta. Akwai wata 26 mai 590 ta kekunan gari, ba ta hawa wannan rim. Mai faɗin 2.1 ta shiga duka biyun da sarari wajen milimita 6 kowane gefe a baya. Bawul irin na mota, don kowane mai faci da gidan mai na da bakinsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gwaji a kan tsakuwa da ƙasa mai tauri a wajen Usfan da ke arewa da Jidda, da sassafe. Wili ɗaya, taya ɗaya, sirdi ɗaya, tsayin sirdi da nisan kai an daidaita da tef.

Idan an miƙe tsaye ana taka feda a hawa, Trek ya fi tsayawa, gidan feda ba ya lilo. Ba sunan bututu ne ya jawo ba. Kowane ƙarfe, mai tsada da mai araha, taurinsa wajen lanƙwasa kusan ɗaya ne. Abin da kuromoli mai kyau ke bayarwa shi ne ƙarfin da zai bari a sirance bango. Tauri daga faɗin bututu yake zuwa: daga 28.6 zuwa 31.8 da bango iri ɗaya, ƙarin ya haura kashi ɗaya cikin uku. Rockhopper ya ɗan fi taushi a gaba, kuma siririyar sandar fok na da hannu a ciki. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa, da aka rage iskar taya daga bar 3 zuwa 2.2, canjin da aka ji ya fi duk bambancin da ke tsakanin firam biyun.

Rabon aiki ya zama haka: Rockhopper zai karɓi kariya da kwando, shi ne na zirga-zirgar unguwa da ɗaukar kaya, saboda namansa da tsabtar cikinsa. Trek zai zauna ba kaya, na fita bayan gari.

Abin da ya rage: ƙaya ta huda tayar baya, za a sa tib mai ruwan faci a ciki. Fentin Rockhopper za a kankare wuraren tsatsa da samfefa 240 a shafa firamare, fentin ƙasa, ba za a kai shi wurin masu feshin yashi ba sai an sami wanda zai rage ƙarfin iska. Cikin ƙafar dama ta Trek kuma za a sake zura kyamara bayan ruwan hunturu, a kwatanta da hotunan 11 ga Oktoba.